Fuskar da Aka Shafe da Gawayi

Masu riƙe da labaran mutanen da sun ce an yi wani sarki a garin Dutsen Kurya, sunansa Tunau. A ba shi haƙƙinsa, ba azzalumi ba ne. Ba ya taɓa dukiyar talaka, ba ya barin shari'a ta kwana. Cutarsa guda ce tak, zargi. In bafade ya yi dariya, sai ya ce da wa ake? In ya yi shiru, sai ya ce me ake ƙullawa? Ko tari mutum ya yi a fada, sai Sarki ya bi jama'a da ido, ya ga ko akwai wanda zai amsa tarin.

Wanda ya fi kowa shan wannan hali shi ne ƙanensa Mantau. Da ubansu ya rasu, waɗansu daga cikin masu zaɓen sarki sun so Mantau, amma ya ce shi ba ya so, a ba yayansa. Wani da godiya zai yi. Tunau kuwa sai ya ce a ransa, lalle akwai abin da yaron nan ya taka, in ba haka ba wa zai ƙi sarauta? Mantau bai ko san ana yi ba. Ya koma gidansa na bakin kasuwa, ya rungumi sana'ar da ya koyo a yawon duniya, wato yin littattafan hotuna na yara. Yakan jiƙa shuni da jar ƙasa da gangamau, ya zana mutane da dabbobi a takarda, ya rubuta 'yan kalmomi a ƙarƙashin kowane hoto, sa'an nan ya ɗinke da zare. Yaran gari kamar su cinye shi don so. Wannan ma bai yi wa Sarki daɗi ba, don yana ganin yaran nan wata rana samari ne, kuma bayan Mantau za su bi.

Sarki yana da 'ya guda, Hansatu, wadda ko famfara ba ta fara ba. Ita ce 'yar farinsa. Al'adar garin kuwa, kamar ta wurare da yawa, uba yana jin kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi. Waɗansu iyayen sukan sassauta in an shiga cikin gida ba idon jama'a. Tunau kam ya riƙe abin da hannu biyu har ya wuce inda magabata suka tsaya. In yarinyar ta tunkaro, sai ya juya ya kama duban bango. In dole ta sa zai ambace ta, sai ya ce "yarinyar nan". Kakarta ke riƙonta a can cikin gida. Ba ƙinta yake yi ba. Duk duniya ba abin da yake so kamarta, in ta yi zazzaɓi ko fura ba ya iya sha. Sai dai ba wanda ya san wannan, daga shi sai Mahaliccinsa.

Ran nan da hantsi, farkon damina, Shamaki ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a keɓe. Da kowa ya fita sai ya zaro wani ɗan littafi daga cikin rigarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai shara ce ta ga wannan a ɗakin da yarinya ke kwana. Aikin hannun Mantau ne. Na ce ba zan riƙe abin ni kaɗai ba."

Sarki ya buɗe. Labarin wata yarinya ne da ƙawarta bushiya. Sun shiga ƙwarya sun haye kogi, suna neman gidan da ake ajiye ruwan sama in rani ya yi. Sun samo, sun sha, sun dawo gida an zuba tuwo, ga uwa ga uba ga kaka an kewaye akushi. Ba wannan ya dami Sarki ba. Uban cikin littafin yana sanye da jar hula irin wadda shi yake sawa in ya cire rawani, aikin wuyan rigarsa ma irin nasa ne sak. Kuma a kowane shafi an bi fuskar uban an shafe ta da gawayi, baƙi ƙirin, a tsanake, ko kaɗan baƙin bai fita daga da'irar kai ba.

Sarki ya ƙura wa hoton ido. Ga shi dai a fili. An zana shi, an shafe masa fuska don a shafe shi daga duniya, an kuma ajiye sammun a ɗaki guda da aka san ba zai taɓa shiga ba. Ya ce wa Shamaki, "A sa dogarai su tsare gidan Mantau. In an sallame la'asar a fitar da shi daga ƙasata, kada ya sake takowa. Littattafansa duka a tattaro a ƙone a ƙofar fada." Shamaki ya fita. Sarki ya ɗauki littafin da bakin rigarsa don kada ya taɓa fatarsa, ya tafi gindin tsamiyar da ke tsakar fada ya zauna yana huci.

A kan tsamiyar nan akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka kowace damina tun zamanin kakan Sarki. Allah ya ba ta magana, amma bai ba ta haƙoran tauna ta ba, yadda ta zo haka take fita. Ta leƙo daga sheƙarta ta ce, "Allah ya ba ka nasara, yau kuma wa ya yi tari?"

Sarki ya ce, "Yau ba tari ba ne. Sauko ki ga abin da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa."

Ta sauko, ta karkata kai ta duba da ido guda, ta juya ta duba da ɗayan. Ta ce, "Aikin kam ya yi tsafta. Me ka yanke?" Ya gaya mata. Ta ce, "To, la'asar da saura. In ka yarda, ina da labarin wani mutum da ya tsinci irin wannan a shimfiɗarsa."

Sarki ya harare ta ya ce, "Da me Mantau ya saye ki, kwaɗi ko fara?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, damina ce, kwaɗi kyauta suke. Ka dai saurara, in labarin bai yi maka ba ka haɗa ni da shi ka kora." Sarki ya ce ta faɗa. Ta gyara tsayuwa ta fara.

Labarin Jatau Bafatake da Mutum-mutumin Yumɓu

Shamuwa ta ce: A wani gari da nakan yada zango in zan taho nan, an yi wani bafatake ana ce da shi Jatau. Da an yi girbi zai ɗora wa jakunansa kaya, ba a sake ganinsa sai ruwa ya kusa sauka. Yana da amini, Nomau maginin tukwane, tun suna yara tare suke, danga ce kawai tsakanin gidajensu. In Jatau zai tafi, Nomau yake bar wa amanar gida. Yana kuma da ɗa ƙarami, Sallau, wanda kullum yana can wajen Nomau, hannu dumu-dumu da yumɓu.

Wata shekara Jatau ya dawo a gajiye, ya kwanta don ya miƙe bayansa, sai ya ji wani abu yana tokarinsa ta ƙarƙashin tabarma. Ya ɗaga. Wani ɗan mutum-mutumi ne na yumɓu, an gasa shi. An naɗe shi da ƙyalle, ƙyallen kuwa daga tsohuwar rigar Jatau aka yago shi. Bakinsa akwai wani abu ja da ya bushe. Ƙafafunsa an ɗaure su tamau da zare.

Jatau ya zauna yana haɗa ɗaya da ɗaya. Wa ke da yumɓu da wutar gashi a unguwar nan? Nomau. Wa ke shiga gidan nan ba shamaki in ba ya nan? Nomau. Ga ɗansa ma, tun da ya dawo bakinsa bai huta da "Baba Nomau ya ce, Baba Nomau ya yi" ba. Ashe so ake a ɗaure masa ƙafa, a karya masa fatauci, a janye masa ɗa. Ya ɗauki abin ya tafi ɗakin mahaifiyarsa, ya ajiye a gabanta ya ce, "Iya, dubi abin da amana ta haifa."

Tsohuwa ta juya shi a hannu, ta sunsuna bakin, ta ce, "Ni dai miya nake ji." Jatau ya ce ai masu irin wannan aiki sun san yadda suke ɓatar da sawu. Ta ce, "Zauna tukuna. Tun kana goye na san in ranka ya ɓaci kunnenka ke fara toshewa. Bari in ba ka labarin Zabuwa da Kaza, in na gama ka tafi inda za ka."

Labarin Zabuwa da Kaza

Iya ta ce: Zabuwa ta yi ƙwai a cikin ciyawa bayan gida. Matar gida ta bi sawunta ta kwashe, ta sa wa Kaza ta kwanta a kai, kamar yadda muke yi. Da aka ƙyanƙyashe, Zabuwa ta ce a ranta, ba komai, Kaza ta ji da ɗumama su, ni zan ji da abin da ya fi wuya. Sai ta hau kan danga ta zama mai gadi. Daga safe har yamma idonta yana sama tana duban shirwa. Da ta hango inuwa sai ta ɓare baki da ihu, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin fiffiken Kaza. Ta rame, muryarta ta dishe, amma ko ɗaya shirwa ba ta ɗauka ba.

Da 'ya'ya suka yi ƙwari ta sauko ta ce, "To, ku taho mu tafi daji in nuna muku inda danginku suke kiwo." Suka dube ta, suka koma bayan Kaza suka laɓe. Ta kira, ta sake kira, ba wanda ya motsa. Nan take ta ce ta gane, Kaza ta barbaɗa musu wani abu a tsaba. Ta kai ƙara wajen tsohuwar Akuya, wadda ta ga haihuwa da yaye ba iyaka. Kaza ta rantse, Zabuwa ta ce rantsuwar ma cikin shirin take. Akuya ta ce, "Ku biyu kun yi magana. Ku kira mini waɗanda ake rigimar a kansu."

Aka kira su. Akuya ta nuna Zabuwa ta ce, "Wace ce wannan?" Suka ce, "Mai ihun nan ce ta kan danga." Ta ce, "Kun san don me take ihu?" Ƙaraminsu ya ce, "Mu dai da mun matso kusa da ita sai ta yi ihu. Mun ɗauka mu take kora."

Iya ta ajiye mutum-mutumin ta ce, "Kaza ba ta saci ɗan kowa ba, Zabuwa kuma ba ta yi ƙarya ba da ta ce tana son su. Abin da ya rage kawai ba wanda ya gaya wa 'ya'yan. Kafin ka taka gidan Nomau, ka tsuguna ka tambayi mijina Sallau, shi ma da bakinsa."

Shamuwa ta ce: Ka san abin da Jatau ya amsa? Cewa ya yi, "Na ji, Iya. Amma ai ko a labarin naki, a hannun Kaza 'ya'yan suka ƙare." Iyakar abin da kunnensa ya ɗauka ke nan. Ya fita ƙofar gida ya tara mutane, ya kira Nomau, ya ɗaga abin sama ya ce kowa ya shaida. Nomau ya buɗe baki zai yi magana, Jatau ya daka masa tsawa. Sa'an nan ya buga mutum-mutumin da dutse, ya tarwatse.

Sallau ya kutso ta tsakanin ƙafafun manya, ya tsuguna yana tsintar gutsattsarin. Ya ɗago ido ya ce, "Baba, ai kai ne. Ni na gina ka, Baba Nomau ya gasa mini. In ka tafi, shi nake ba tuwo, shi nake gaya wa abin da na yi. In ka dawo sai in kai shi shimfiɗarka, shi ma ya huta." Wani dattijo ya ce, "To, zaren ƙafar fa, yaro?" Sallau ya ce, "Don kada shi ma ya tafi."

Jatau ya nemi gafarar Nomau, Nomau ya ce ya yafe, kuma ya yafe ɗin. Amma daga ranar gaisuwarsu ta koma ta maƙwabta. Da girbi ya zo Jatau ya tafi, yaron bai sake gina wani ba. Da ya dawo kuma, yaron bai rugo ya tare shi ba. Ya jira har aka sauke kaya, sa'an nan ya zo ya durƙusa ya yi masa sannu da zuwa yadda ake yi wa baƙo.

Shamuwa ta dubi Sarki ta ce, "Jatau ya tambayi yumɓu, ya tambayi zare, ya tambayi tsoronsa, kowanne ya ba shi amsar da yake so. Mai abin ne kaɗai bai tambaya ba, don shi sai an sunkuya ake jin maganarsa. Allah ya ba ka nasara, littafin nan na wa ne?"

Sarki ya dubi littafin. Labarin ya taɓa shi, amma tsohon hali ba ya tafiya da labari guda. Ya ce, "Labarin nan naki ya yi daidai da yawa, kamar rigar da aka gwada kafin a ɗinka. Kuma Mantau ba Nomau ba ne. Nomau ba a taɓa yi masa tayin sarauta ba."

Ta ce, "Ni ban ce Mantau ba shi da laifi ba. Na ce ka ji ta bakin Shamaki, ka ji ta bakin gawayi, saura ta mai littafi. Ka kira ta ka tambaye ta."

Sarki ya zabura kamar an tsikare shi. "Ni? In kira 'yar fari in zaunar da ita ina yi mata tambaya? Gari ya ji ya ce Sarki ba shi da kunya?"

Ta ce, "Korar ɗan'uwa da rana tsaka ba ta ba ka kunya ba, sai kiran 'yarka? To, shi ke nan. Shiga zauren can ka tsaya bayan asabari. Ni zan tambaye ta, kai ka saurara. In ka ga na kanne mata ido, ka sa a fige ni."

Sarki ya ga wannan bai saɓa wa al'ada ba. Ya aika wa kakar cewa Shamuwa tana son ganin yarinyar nan, ya ajiye littafin a kan tabarma, ya shiga bayan asabari. Shamuwa ta ce, "Ka ɗan matsa dama. Yawwa. Nan ubanka yake tsayawa in kana wasa a gindin tsamiyar nan."

Sarki ya ce ta bayan asabari, "Ubana bai taɓa dubana ba. Mantau yake ɗorawa a cinya."

Ta ce, "Abin da ka gani ke nan daga ƙasa. Ni daga sama nake gani. Kai ma ɗan fari ne, ko ka manta?" Sai ga ƙarar 'yan takalma tana matsowa.

Hansatu ta iso da gudu, ta ga littafinta ta rungume shi. Ta ce, "Laa, ashe ke kika ɗauka! Na neme shi har na yi kuka." Shamuwa ta ce ita ba ta iya karatu ba, a taimaka a karanta mata. Yarinya ta zauna ta miƙe ƙafa, ta buɗe, ta shiga bayani da ɗan yatsa. Ita ma ba ta iya karatun ba, hotunan take bi, tana ƙara nata. Ta ce wannan bushiya ce, sunanta Ƙayatu, ƙayarta ba ta sukan ƙawaye. Ta ce wannan kogin akwai kada a ciki, ba a zana shi ba don yana barci a ƙasa. Ta ce gidan ruwan sama yana da randuna manya-manya, wata tsohuwa ce ke tsaronsu, in ta yi tuntuɓe shi ne ake tsawa. Sarki yana jin muryarta, sai ya lura bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba, bai ma san tana da ɗan tsamin baki ba.

Da aka zo shafin tuwo Shamuwa ta sa baki a kan hoton ta ce, "Wannan fa, mai jar hula?"

"Baba ne."

"Wa ya ɓata masa fuska haka?"

Yarinya ta yi dariya. "Ba ɓatawa ba ne, gyara ne. Ni na gyara. Baffa Mantau bai iya ba. Ya zana Baba yana kallon yarinyar, har yana yi mata dariya. Ai baba ba ya kallon mutum. Shi ne na ɗauko gawayi a madafa na mai da shi daidai. Wannan ƙeyarsa ce, kin ga baƙin gashi? Yanzu ya juya, kamar na gaske."

Bayan asabari, Sarki ya dafa bango.

Shamuwa ta ce, "Baffanki ya gani?"

"Ya gani. Bai ji daɗi ba. Ya sake zana mini wani shafin, na sake gyarawa. Ya ce wai Baba yana sona ƙwarai, wai kunya ce kawai." Ta murza gefen takardar, sa'an nan ta rage murya. "Shamuwa, in mutum yana jin kunyarki, wani laifi kika yi masa? Na yi ta tunani, ban tuna ba. Ko don na taɓa fasa masa tulu?"

Shamuwa ta juya ta dubi asabari. Sarki ya tsaya da kunya biyu a kansa, wadda ya gada da wadda ya jawo wa kansa yau, ya ga ta biyun ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Mutumin da ya sa dogarai suka tsare, shi ne ke zaune yana roƙar masa arziki wajen 'yarsa. Ya ɗage asabari ya fito.

Da Hansatu ta gan shi sai ta saki littafin, ta durƙusa, ta juya masa baya da sauri. Haka ta koya wa kanta, don ta rage masa wahalar juyawa. Sarki ya zagayo ta gabanta, ya tattare riga ya zauna a ƙasa. Da ƙyar sunan ya fito daga bakinsa.

"Hansatu."

Ta waiga hagu, ta waiga dama, ko da wata mai sunan a wurin. Sa'an nan ta ɗago ta ce, "Ashe ka san sunana?"

Hawaye suka zubo wa Sarki, bai kuwa share ba. Ya ce, "Ni na faɗa miki shi a kunne ran da aka haife ki. Ba ki yi mini laifin komai ba. Tulun ma na manta da shi."

Ya ɗaga murya ya kira Shamaki. Ya ce a janye dogarai, kada a taɓa ko takarda guda, a ce wa Mantau yayansa yana roƙonsa ya zo, akwai maganar da shi zai fara yi masa. Shamaki ya ga Sarki zaune a ƙasa gaban 'yar fari, ya sunkuyar da kai ya fita da baya.

Sarki ya ce, "Shamuwa, na ji, na kuwa karɓa. Na bi gari ina neman wanda ya shafe mini fuska, ashe ni na ɓoye ta. Kunyar magabata zan riƙe ta a gaban jama'a yadda ta kamata, amma ba zan sake barin yaro ya fassara ta shi kaɗai ba."

Yana cikin magana sai tsohon sabo ya ja wuyansa, ya fara karkata kai wajen bango. Hansatu ta miƙo hannu biyu, da sauran gawayi a farcenta, ta riƙe masa kumatu. Ta ce, "Tsaya, kada ka juya. Ban gama gani ba."

Bai juya ba. Masu labarin sun ce a haka kiran la'asar ya same su, kuma iyakar abin da suka ba mu ke nan.